Uwani da Gwajin Randa

Bana shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ɗiyata Uwani. Damina bakwai muna shuka gero ba ta sauko daga Tasawa ta tsaya bakin gona tana yi wa ubanta dariya, wai layin shukarsa ya karkace kamar hanyar amalanke. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan soya ƴar masa in raba sadaka, in yi mata addu'a, in yi shiru. Bana shirun bai ishe ni ba, saboda wani abu da ya faru da ni cikin watan da ya wuce. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, sai masu karatu su bi ni sannu.

Uwani ba shi ne sunanta na yanka ba. Ita ce ɗiyata ta fari, kuma sunan uwar mijina aka sa mata. Kun ga kunya biyu ta haɗu mini cikin suna ɗaya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan uwar miji. Tun ranar da aka yanka ragon, bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba. Ko a gidan likita in an tambaye ni, sai in duba wata da ke kusa in ce ta faɗa. Uwani kan yi mini tsiya a kan haka. Takan ce, "Inna, ranar da na ɓata cikin kasuwar Tasawa, da wane suna za ki yi cigiya?" In ce da ita mai baki irin naki ba ta ɓata.

Ta yi lakkwal, wato makarantar boko, a Korgom, ta wuce Tasawa, ta koyi aikin ordinatar, wadda wasu ke ce wa kwamfuta, har wani ɗan gidan radiyo na garin ya ɗauke ta. Aikin da ta fi so shi ne ta hau kabu-kabu ta shiga ƙauyuka tana ɗaukar muryoyin tsofaffi: tatsuniya, kirarin noma, waƙoƙin daka da na reno. Ita ta fara bayyana mini cewa kowace murya in ta shiga ordinatar sai an raɗa mata suna kamar jariri, in ba haka ba ba a sake gano ta. Abin da aka raɗa wa sunan suna ce masa fishiye. Na riƙe wannan kalma don ta yi mini kama da sunan wani tsuntsu.

Uwar mijina, wadda muke ce wa Iya, daga wajen Tchaké aka auro ta. Ta zo da dutsen niƙa, ta zo da waƙarsa. Waƙa ce doguwa mai jera sunayen matan da suka durƙusa bisa dutsen nan, uwa bayan uwa, kowace da abin da aka san ta da shi: wata da haƙuri, wata da rowar gishiri, wata da ta taɓa korar kura da muciya. Mai waƙar kan rufe da sunan kanta. To kun ga inda ni na tsaya. Shekaru ina niƙa kusa da Iya ina amsa mata, amma in an doshi ƙarshe sai in haɗiye, in bar dutse ya yi magana. Ban taɓa riƙe waƙar cikakkiya ba. Daga baya injin niƙa ya shigo gari, dutse ya koma wurin zaman kaji, waƙa ta rage a bakin Iya kaɗai.

Wata ranar Juma'a da hantsi Uwani ta zo da ƴar na'urarta ta ɗaukar magana, ta ajiye gaban kakarta. Iya ta dube ta, ta dubi na'urar, ta ce, "Takwara, kin ɗauke mini suna ban yi ƙara ba, yanzu kuma murya kika zo ɗauka? Me za ki bar mini, haƙoran da babu?" Aka yi dariya. Ta sa aka jawo mata dutsen, aka wanke, aka zuba gero, don ta ce waƙar ba ta fita sai hannu na tafiya. Ta rera tun daga fari har ƙarshe. Da ta gama sai ta ce, "Akwati ba ya gado. Durƙusa ki mayar mini da bakinki." Uwani ta durƙusa da atamfarta ta zuwa aiki, tana niƙa tana rerawa, Iya na gyara mata da tsawa. Wannan ma na'urar ta ɗauka.

A nan kuskuren ya shigo, kuma ladabi ne ya kawo shi. Da ta koma Tasawa ta zo raɗa wa muryoyin biyu suna, ga shi sunansu ɗaya. Sai ta rubuta na kakarta da manyan baƙaƙe duka, don girmamawa, ta rubuta nata da ƙanana, don ita ce ƙarama. Haka ake yi a gida ai, babba a sama, yaro a ƙasa. Tsohuwar ordinatar da suke aiki da ita a lokacin ta yarda da haka, ta ajiye su biyu kusa da juna, babba daban, ƙarama daban. Bayan girbi aka zo sauya musu na'ura. Uwani ta kwashe aikinta duka ta zuba cikin ɗan katin ajiya, irin wanda bai kai farce girma ba. Cikin kwasar sai wata tambaya ta fito da Faransanci, wai akwai mai wannan suna a ciki, a maye gurbinsa? Kuran, wato wutar lantarki, na wasa a ranar, tana tsoron ta ɗauke. Ta ɗauka wani tsohon abu ne da ta taɓa zubawa, ta ce i. Aka wanke tsohuwar na'ura tas, aka tafi da ita.

Shi ɗan katin nan ashe bai san babban baƙi da ƙarami ba. A wurinsa suna ɗaya ne, gida ɗaya. Wanda ya shigo daga baya ya kwanta bisa na fari.

Ba ta gane ba sai da Iya ta rasu cikin bazarar da ta biyo. Bayan an share makoki ta tara mu tsakar gida, ta ce da ubanta, "Baba, zo ka ji tsohuwarka." Ta kunna. Sai muka ji ƙarar dutse, sannan murya ta tashi, amma tata ce, siririya, tana tuntuɓe. Ta nema, ta sake nema. Ta koma Tasawa ta kai wa duk wanda aka ce ya san ciki da bai na ordinatar. Muryar Iya ba ta dawo ba. Abin da ya rage nata a ciki shi ne tsawar nan jefi-jefi daga nesa: "Ba haka ba! Ja shi!"

Ban taɓa ganin Uwani ta yi kuka irin na wannan lokaci ba. Tana cewa ta binne kakarta sau biyu, kuma da muryarta ta rufe ta. Ni ban san ordinatar ba. Ranar dai na sayo sabuwar randa daga masu ginin tukwane, na cika ta da ruwan rijiya na ajiye bisa busasshen yashi kamar yadda kowa ke yi. Tana zaune tana share hanci ta ce mini me ya sa ban kai ta ɗaki ba. Na ce sabuwar randa ai ba a ba ta amana ranar da ta zo. Sai ta kwana da ruwan da ko ya zube ba a yi asara ba, da safe a duba yashi. In ya jiƙe fiye da ƙima, a mayar wa mai ita. Ta daɗe tana kallon randar.

Daga nan ta ƙirƙiro abin da har yau ƴan gidan radiyon ke kira gwajin randa. Ta haɗa wasu fishiye marasa komai a ciki, suna ne kawai kamar ƙwarya wofi. Biyun farko sunan nan ne nata da na Iya, ɗaya da manyan baƙaƙe, ɗaya da ƙanana. Sauran kuwa ta raɗa musu sunaye da duk baƙin da ta san yana iya kawo rigima: ƙ, ɗ, ɓ, ƴ, kowane da babbansa, da baƙaƙen Faransanci masu hula, da alamar tambaya, da ɗigo biyu, da ƴar sandar nan mai jirkice da ake raba kwanan wata da ita. Duk sabon kati, ko kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, ko salula, ko ordinatar da ta shigo hannunta, sai ta fara zuba mata waɗannan wofi. Sannan ta zauna ta duba: wa ya shiga, wa aka ƙi, wa aka sauya wa kama, wa ya haɗiye ɗan'uwansa. Sai ta ga halin abu kafin ta ba shi muryar mutum.

Tana zuwa gida da labarinsu kamar mai ba da labarin maƙwabta. Wannan kati ba ya karɓar alamar tambaya ko za a mutu. Waccan ƴar radiyo mai cin kati in ta ga ƙ sai ta zana ɗan akwati a gurbinsa, wata kuwa tsallake waƙar take gaba ɗaya kamar ba ta nan. Wanda ya fi ba ta dariya shi ne wata na'ura da ta san ƙaramin k da babbansa ɗaki ɗaya suke, amma in aka zo kan namu mai ƙugiya sai ta ɗauke su baƙin juna. Ta ce, "Inna, wannan ta san zumuncin Turawa, ba ta san namu ba." Abokan aikinta kan yi mata ba'a, su ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ta ce ta yarda, ita ce mai tsallen, amma kowa ya kawo katinsa. Har masu zuba waƙoƙi a kati na bakin tasha ta bi ta nuna musu, don ta ga manoma na dawowa suna faɗa wai an rage musu wa'azi ko waƙa, alhali suna ciki, sunayensu ne ƴar radiyon ta kasa karantawa.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, na ƴan kwanaki. Ba zan tsawaita a nan ba. Da aka kawo kayanta daga Tasawa, ƙawarta Rahamu, wadda suke aiki tare, ta damƙa mini ɗan katin nan cikin takarda. Ta ce Uwani ba ta taɓa share komai daga cikinsa ba, ba ta kuma taɓa sake sauraron waƙar ba.

Ni na saurara. Na sayi ƴar radiyo mai cin kati don haka kawai. Allah mai iko: abin da ta yi wa kuka, ta kira shi babbar asararta, shi ya zama abin da ya rage mini nata. Duk yawon da ta yi tana ɗaukar muryoyin mutane, ba ta taɓa tsayawa ta ɗauki tata ba, sai wannan. Da kati ya bar ta kakarta ya haɗiye tata, da yau ba ni da inda zan ji ɗiyata. Ba na cewa rashin muryar Iya alheri ne. Ina dai cewa bawa bai san inda rabonsa yake kwance ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu ƙanwarta Hasiya na rubuta ƙ da ɗ a salula ba tare da wahala ba, danna baƙi ka riƙe sai mai ƙugiya ya fito. A zamanin Uwani sai ta yi dabaru kafin ta samo su. Na san da ta yi murna, da ta ce an fara sanin zumuncinmu. Amma kuma da ta yi faɗa. Kowa yanzu na aika saƙon murya, tsofaffi ma sun iya, sai dai waya ke raɗa musu suna da kanta, jerin lambobi marasa kai da gindi. In waya ta cika, a share duka. Muryoyin iyaye nawa suka tafi haka, ba wanda ya ma san an yi rashi? Ita da ta rasa guda ɗaya ta yi shekaru tana jimami. Ina jin da tana nan da ta bi gida gida tana cewa a raɗa wa murya suna, suna linzami ne.

To, ga abin da ya faru cikin watan da ya wuce. Ina tankaɗe da safe na kunna radiyo, waƙar ta kai wajen matar da ta kori kura, sai ta tsaya. Na fitar da kati na hura, na mayar. Ta yi, ta sake tsayawa. Hasiya ta ce kati ma tsufa yake, wata rana zai ƙi tashi gaba ɗaya. Ta ce in ba ta ta kai wa masu caji na kasuwa su juye a sabo. Na ce a'a. Ba don na raina su ba. Abu ne guda ɗaya tak a duniya, ba shi da na biyu. Na ƙulle shi a bakin zane, na hau kabu-kabu zuwa Tasawa, hannuna bisa ƙullin har muka isa.

Na tarar da Rahamu ita ce babba yanzu a ɗakin na'urori. Ta rungume ni, ta kawo ruwa, muka gaisa. Na kwance ƙulli. Na sayo sabon kati a hanya, na miƙa mata duka biyu. Ina shirin in roƙe ta kada ta yi gaggawa, sai na ga ta ture tsohon gefe, ta ɗauki sabon kaɗai ta sa. Ta ce, "Inna, bari mu ga ko randar na yoyo tukuna." Sai da na juya fuska na ɗan lokaci.

Ta jawo mini kujera na zauna kusa da ita. Ta zuba wofin nan na Uwani, su ne dai har yau, ba a sauya ko ɗaya ba. Muka duba tare. Masu ƙugiya duk sun shiga da kamanninsu, manya da ƙanana. Mai alamar tambaya da mai ɗigo biyu an ƙi su a ƙofa. Amma biyun farko, babba da ƙarama, guda ɗaya muka tarar. Sabon katin ma halin tsohon gare shi. Rahamu ta share wofin duka, ta sake dubawa ta tabbata ba saura, sannan ta ɗauki tsohon kati da bismilla. Ya ƙi tashi da fari. Ta fitar, ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta mayar. Ni dai ina ta salati a zuci. Ya tashi. Ta jawo waƙar cikin ordinatar, muka saurara tun daga ƙarar dutse har ƙarshe, ba inda ta tsaya.

Sai ta ce akwai magana ɗaya. Waƙar na ɗauke da sunan nan tsura, irin na wofin gwaji. Wata rana wani zai zo gwada kati, tambayar nan ta fito, ya ce i cikin gaggawa, wofi ya kwanta bisa waƙa. Sai a raɗa mata suna nata cikakke, wanda ba ta tarayya da kowa. Ta fara rubutawa: Waƙar niƙa ta. Ta tsaya. Ta san al'adarmu, ita ma ɗiyar gida ce. Ta ce, "Inna, ki duba waje, in ƙarasa."

Na dubi allon baƙaƙen nan. Duk na san su, su ne muka koya ƙarƙashin rumfa, malamarmu na nunawa da tsinke. Sunan nan na san baƙaƙensa tun ranar da na fara haɗa baƙi da wasali, amma ban taɓa jera su ba ko a ƙasa. Na ce, "Matso mini da shi." Ta dube ni, ta matso. Ta ce da manya za a rubuta ko da ƙanana? Na ce na farkon babba, sauran ƙanana, kowace ta samu wurin zama. Ta nuna mini inda ake dannewa babba ya fito. Da yatsa ɗaya na rubuta, ina nema ina dannawa. Rahamu ba ta karanta shi da ƙarfi ba. Allah Ya yi mata albarka.

Yanzu waƙar na wuri uku: cikin ordinatar gidan radiyo, cikin sabon kati, da cikin salular Hasiya, inda ƙ ya fito da ƙugiyarsa tsaf. Tsohon katin na mayar da shi cikin takardarsa, ya huta.

In na auna abin da Uwani ta bari, ba gida ba ne, ba dukiya ba. Ta bar wata ɗabi'a a hannun mutanen da wasunsu ba su ma san fuskarta ba: kada ka ba sabon abu amana sai ka gwada shi da abin da ba ka tsoron rasawa. Rahamu ta ce mini sababbin ma'aikata na cewa gwajin randa suna zaton sunan aikin ke nan tun asali. Wannan ya yi mini daɗi fiye da a ce an rubuta sunanta a bango.

Amma maganar Iya ba ta bar ni ba, akwati ba ya gado. Shi ya sa da na dawo na sa aka kori kaji daga kan dutsen, aka wanke shi. Hasiya kan durƙusa da safe, yayarta na rerawa daga cikin radiyo, ita tana mayarwa, kakarsu na tsawa daga nesa, "Ba haka ba! Ja shi!" Ta kusa riƙe ta duka. Ni ina gefe ina amshi kamar da. In an doshi ƙarshe har yau haɗiyewa nake, bakina bai faɗa ba kuma ba na jin zai faɗa. Sai in yi shiru, in ji ɗiyata ta kira sunan da kanta.

Allah Ya jiƙan Uwani da takwararta, Ya sa sun huta.